Ba a Ciro Zuciya Lokacin Tiyatar Zuciya

Mutane da yawa sun daɗe suna zaton cewa idan za a yi wa mutum tiyatar zuciya, sai an ciro ta daga ƙirji, a gyara, sannan a mayar da ita. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zato yana ƙara wa iyalan majiyyaci fargaba ba gaira ba dalili.

Zuciya tana nan a mazauninta. Abin da ake yi shi ne a karkatar da jini ta bututu zuwa wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu, ta cire masa iskar da jiki ya gama amfani da ita, ta zuba masa iskar oksijin, sannan ta harba shi cikin babbar jijiyar jini. Ana ba majiyyaci maganin heparin don kada jinin ya daskare a bututun. Daga nan sai a tsayar da bugun zuciyar da wani ruwa mai sinadarin fotasiyam, wanda ke kare tsokarta har a kammala gyara. Likita John Gibbon ne ya fara yin nasara da wannan na'ura a Amurka a 1953.

A aikin dashe ne ake cire zuciyar da ta gaza.