Barbarar Bika a Daji, da Ɗan Birin da ke Ɗaure a Gida

Manoma da mafarautan ƙasar Zazzau, bika, wanda wasu ke kira gwaggon biri, iri shida ne a duniya. Namu na Najeriya guda ne, anubis, wanda ya cika Yankari har yakan fizge abinci a hannun baƙo a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin dajin. Akwai shi a dajin Kamuku ma, wajen Birnin Gwari.

Inda mazaunin wani iri ya yi iyaka da na wani, barbara takan shiga tsakani. A Awash ta Habasha anubis na haihuwa da wani irin bika, hamadiryas mai farar geza. A Amboseli ta Kenya, inda masana ke bibiyar garkuna tun 1971, da bika mai ruwan ɗorawa yake haɗuwa. 'Yan ruwa biyun su ma suna haihuwa, ba kamar alfadari ba. Namiji ne silar abin: da ya balaga sai ya bar garken uwarsa ya nemi wani, wani sa'in ya faɗa na wani iri. Wani bincike na 2023 a kan bika 225 ya gano wasu a yammacin Tanzaniya masu jinin iri uku. Wasu na cewa bika na barbara da kare, amma duk da doguwar fuskar nan tasa irin ta kare, sam ba ya haihuwa da shi. Zancen tara 'yan kallo ne.

Wannan cuɗanya daji ke yin abinsa a hankali. Hannun mutum ne ke ɓata lissafi. Ɗan bikan da ake tallarsa, galibi sai an kashe uwar ake samunsa. Yana ƙarami abin sha'awa ne, yara na miƙa masa gyaɗa. Da fiƙoƙinsa sun fito ya fara cizo, sai maigida ya kai shi bakin daji ya saki. Ga shi ya daina tsoron mutum, gonar masara zai nufa, in kuma ya samu garke ya kai musu cutar gida. Tarin fuka na bi ta kowane ɓangare, daga mutum zuwa biri, daga biri zuwa mutum.

Don Allah kada a saya, kada a saki. Mai shi a gida ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji ko likitocin dabbobi na ABU a Samaru. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ban da toka ko ƙulle-ƙulle, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita cewa biri ne.