Hawan keke a titi: amfaninsa ga lafiya da haɗarin da ke ciki

Keke abin hawa ne mai taya biyu da mutum ke tuƙawa da ƙarfin ƙafarsa, ba mai ba inji, feda ce ke jan sarƙa ita kuma sarƙa ta juya tayar baya. A ƙauyukan Kano da Jigawa shi ne motar talaka tun kafin mashin ya yi araha, da shi ake zuwa gona, da shi ake kai niƙa, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, ɗalibai da malaman firamare su tafi makaranta a kai, ranar kasuwa kuma a ɗaure masa buhu ko akuya a kariya. Likitoci suna sa shi cikin motsa jikin da ya fi amfani, su kuma ma'aikatan kiyaye haɗura suna sa mai keke cikin waɗanda suka fi saurin rasa rai in aka yi karo, don ba wani ƙarfe tsakaninsa da mota, jikinsa ne bodin. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

Asalinsa

Wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ne ya fara fito da abu mai kama da keke a 1817, na katako ne kuma ba feda, ƙasa ake tunkuɗawa da ƙafa. A Faransa aka sa masa feda a shekarun 1860, amma siffar da muka sani yanzu, mai sarƙa zuwa tayar baya, John Kemp Starley ne ya fito da ita a Ingila a 1885, sai John Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska a 1888.

Nan ƙasar Hausa zamanin Turawa ya shigo, kuma wanda ya yi suna shi ne Raleigh na Ingila. Dattawa har yanzu suna ba da labarin lokacin da manomi zai sayar da gyaɗa ya sayi sabon Raleigh, ya naɗe sandar da roba mai launi, ya sa madubi biyu da ƙararrawa, ranar duk garin sai an zo gani. Daga baya Phoenix na Chaina da Hero na Indiya suka cika kasuwa, sai na gwanjo masu giya. Da mashin ya yawaita aka fara raina keke, har ya zama wai alamar karayar arziki, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun janyo tsofaffin kekunansu daga bayan rumbu sun kai wa mai gyara. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

Abin da yake wa jiki

In mutum na taka feda manyan tsokokin cinya da na ɗuwawu da sharaɓa ne ke aiki, su kuma suna buƙatar jini da iska da yawa, to dole zuciya ta ƙara bugu huhu ya ƙara buɗewa. In ana yin haka kullum zuciya na ƙara ƙarfi, hawan jini na sauka ko a daɗe bai zo ba, tsoka tana zuƙe suga daga cikin jini ta ƙone shi, shi ya sa yake rage haɗarin ciwon suga irin na manya da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, teɓa ma tana raguwa in dai ba a rama da tuwo kwano biyu ba. Barci ma yana daɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, yaro kuma awa ɗaya a rana. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan hau amma kana iya gaisawa da mutane ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Malamin da makarantarsa ke da nisan kilomita 5, in ya yi minti 20 tafiya, minti 20 dawowa, kwana biyar ya haɗa minti 200 ke nan, ya cika ƙa'ida ba tare da ya san ya yi wani atisaye ba. Kuma keke ya fi gudu sauƙi ga gwiwa, don sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, shi ya sa za ka ga tsoho mai shekara saba'in da tafiyar ƙasa ke ba shi wuya amma a keke sai ya je ƙauye uku ta'aziyya ya dawo.

A 2017 masana a jami'ar Glasgow ta Birtaniya sun fitar da binciken da suka bi mutum sama da 260,000 na wajen shekara biyar, suka ga masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 in aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas, kamuwa da ciwon zuciya ya yi ƙasa da kashi 46, ciwon daji kashi 45. Ba wai keke kaɗai ya yi wannan aikin ba, mai lafiya dama shi ya fi iya hawa, amma ko da aka cire tasirin shan taba da irin abinci da ƙiba bambancin na nan.

Sai dai a yi adalci, manomin da ke huɗa da noma da damina ba motsa jiki ya rasa ba, shi keke sauƙi yake kawo masa. Wanda ya fi buƙatarsa a ƙauye yanzu shi ne mai shago da ke wuni a zaune, da ma'aikacin sakatariya, da wanda ko masallacin unguwa sai ya ta da mashin.

Akwai maganar da ake yi a majalisa wai keke na kawo basir ko yana rage wa namiji kuzari. Keke ba ya haifar da basir, amma mai shi in ya tashi zaman sirdi na ƙara masa zafi. Shi kuma dogon zama a kan sirdi mai tauri ko wanda bakinsa ya ɗaga sama yana danne jijiyoyin tsakanin ƙafafu har wurin ya yi sanyi ya mutu na ɗan lokaci, maganinsa a daidaita sirdin ya kwanta, a riƙa miƙewa a kan feda jefi-jefi.

Haɗarin titi

Wasu masana a Holan sun yi lissafi a 2010, suka ce wanda ya bar mota ya koma keke a gajerun tafiye-tafiye yana samun ƙarin wata 3 zuwa 14 a rayuwarsa saboda motsa jiki, abin da haɗarin titi ke ragewa kuma kwana 5 zuwa 9 ne kawai a matsakaici. Riba ta rinjaya nesa ba kusa ba. To amma Holan ƙasa ce da aka ware wa keke hanyarsa daban, nan kuwa kwalta ɗaya muke rabawa da tirela da tifa da motocin haya masu tseren lodi, don haka wannan lissafin ba za a ɗauko shi a ɗora a hanyar Wudil yadda yake ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin titi duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu mashin, kuma Afirka ce ta fi yawan mutuwar in aka auna da yawan jama'a. Babban abin shi ne gudu. Motar da ta bugi mutum tana kilomita 30 a awa yawanci yana tashi, a kilomita 65 ko 80 kuwa sai dai wani ikon Allah, kuma a titin da aka gyara ya yi sumul ba direban da ke tafiya a 30. Abin takaicin ke nan, gyaran titi yakan ƙara wa mai keke haɗari in ba a bar masa gefe ba.

Cikin gari da hanyar burji ko ta yashi faɗuwa ce kawai, a kuje gwiwa a karkaɗe riga. Inda ake mutuwa shi ne mahaɗar burji da kwalta, mutum ya fito daga ƙauye da saurinsa ya hau titi bai waiwaya ba, balle da damina da dawa da gero suka yi tsawo suka rufe kwanar. Sai gefen titin kansa, wanda ya kamata ya zama hanyar mai keke amma ko yashi ya cinye shi, ko kwalta ta gutsure ta bar gaɓa, ko da kaka an baza shanyar shinkafa ko barkono an jera duwatsu, dole mai keke ya kauce ya shiga tsakiya daidai lokacin da wani ya yi aron hannu. Tirela kuma ko ba ta taɓa ka ba iskarta kaɗai tana iya jefar da kai, kuma direbanta daga can sama ba ya ganin wanda ya raɓu da gefenta, in za ta sha kwana tayoyin baya suna yanko ciki su bi ta inda kake tsaye.

Lokaci mafi muni shi ne daga magariba zuwa isha, ranar kasuwa, irin Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari ko Lahadi a Gujungu, kowa ya gaji yana sauri, ga amalanke ga shanu ga masu keke ba fitila ba komai, da hunturu kuma hazo ya ƙara rufe ido. Kekunan da na zuwa da fitilar dinamo da jan gilashi a madigadin baya, yanzu je ka rumfar mai faci ka ƙirga nawa ne ke da su. Za ka same shi ya tsoma tuf a kwanon ruwa yana neman inda tsaidau ya huda, mai keken na tsaye yana cewa "Malam yi sauri rana ta yi", a yi faci a hura a tafi, ba wanda ya ce a duba birki alhali robar ta cinye har ƙarfe, wani ma da silifas yake taka taya in zai tsaya.

Lodi ma haka, buhu ya fi ƙarfin kariya sai gaban keke ya yi sako-sako, kai ya ƙi juyuwa. Goyon ƙaramin yaro ba matakin ƙafa yana sa diddigensa ya faɗa cikin wayoyin taya, ciwo ne mai wuyar warkewa, babbar riga ko bakin wando kuma sarƙa na cafkewa. Yaran da ke zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda don keken ya fi ƙarfinsu ba su da abin yi a kwalta sam. Wasu na bin hannun da motoci ke tahowa wai don su riƙa ganinsu, wannan ya fi haɗari, don gudun biyu ne ke haɗuwa kuma direban da zai shigo titi ba ta nan yake dubawa ba. Tun Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama, keke ma dama zai bi. Ko manya ba su tsira ba, Ojo Maduekwe da yake ministan sufuri a 2001 ya yi ta kiran a koma keke, rannan yana tuƙa nasa a Abuja bas ta ture shi cikin kwata.

Sai zafi, daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, doguwar tafiya da tsakar rana balle da azumi a baki tana kawo jiri da ƙishirwa mai tsanani har suma. Mai asma kuma ƙurar hunturu da hayaƙin manyan motoci na tayar masa.

Kariya da abin yi bayan haɗari

Raunin kai shi ke kashe yawancin masu keken da ke mutuwa a haɗari. Wani nazari da aka yi a Ostireliya a 2017 wanda ya tattara bincike 40 ya nuna hular kwano na rage mummunan raunin kai da wajen kashi 69 cikin 100, amma a ƙauye wanda ya sa ta a keke sai yara sun bi shi da kallo, kuma gaskiya ba ta hana tirela takawa. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne a gan ka: tocila a gaba, jan abu mai ƙyalli a baya, ko irin sitikar nan da ake manna wa manyan motoci a yanka a manna a madigadi da feda, da farar riga in dare zai yi. Birki biyu su kama, a cire abin sauraron waƙa daga kunne, a miƙa hannu kafin a juya, wurin tsallaka babban titi kuma a sauka a tura. Sirdi ya kai tsawon da ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, in ya yi ƙasa gwiwa ke ciwo.

In haɗari ya faru kar a cicciɓi mutum a naɗe shi a mota in ana zaton wuya ko baya ya taɓu, a tallafe kai da wuya su tsaya a miƙe, kar a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Lambar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122. Wanda kansa ya bugu ko da ya tashi ya ce lafiya lau, in ya fara amai ko barci mai nauyi ko surutai ko ciwon kai na ƙaruwa, jini na iya zuba a ciki, asibiti za a nufa a daren ba sai gari ya waye ba. Karayar da ƙashi ya huda fata ta wuce mai ɗori, ta asibiti ce irin na ƙashi da ke Dala a Kano, kuma duk raunin da ƙasa ko ƙarfe mai tsatsa ya shiga a wanke shi da ruwa da sabulu a je a yi allurar tatanos.