Rezo ya kama amma shafi ya ƙi buɗewa: tambayoyi da amsoshi kan matsalar DNS

A siber, a ofis, ko a shagon buga takardu na bakin babbar kasuwar Maraɗi, ƙorafin kusan iri ɗaya ne: alamar Wi-Fi ta cika, forfe bai ƙare ba, amma burauza ta tsaya a kan «Ce site est inaccessible». Sau da yawa layin lafiyarsa lau, neman suna ne ya tsaya. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, mun bar saƙonnin yadda suke fitowa a allo.

WhatsApp yana tafiya, amma ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Yaya haka?

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta wikipedia.org, sai ta fara tambayar wata saba (kwamfutar da aikinta amsa wa wasu kwamfutoci) lambar wannan suna, wato adireshin IP, kafin ta kama hanya. Tsarin tambayar nan shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, kuma tambayoyin ta ƙofa mai lamba 53 suke bi, domin kowane irin aiki a intanet da lambar ƙofarsa. Kamar mai waya ne da ya cika ta da kuɗi amma littafin lambobinsa ya ɓace: layi na nan, wanda za a kira ne babu.

Manhajar da ta riga ta haɗu da sabarta kafin matsalar ta fara, ko wadda ta ajiye lambar, za ta ci gaba da aiki. Burauza kuwa kowane sabon shafi sai ta yi tambaya. Shi ya sa saƙo ke shigowa alhali shafi ya ƙi.

Ta yaya zan tabbatar DNS ne, ba layin ba?

Kada ka taɓa wani saiti tukuna. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Entrée. A baƙin allon da ya fito, rubuta ping 8.8.8.8, wato ka ƙwanƙwasa lambar wata sabar Google ka ga ko za ta amsa. Ka duba abin da ka rubuta kafin ka tura, domin a madannai na Faransanci, wato AZERTY, lamba 8 da ɗigo duk sai an riƙe Shift; wanda ya manta zai ga _;_;_;_ a gabansa, ya zaci na'ura ce ta lalace.

Idan ka ga «Réponse de 8.8.8.8» har sau huɗu, hanyarka zuwa intanet a buɗe take. Sai ka rubuta ping google.com. Idan ta ce «La requête Ping n'a pas pu trouver l'hôte», ka kama ɓarawon: lamba tana tafiya, suna ba ya tafiya.

Akwai wurin da mutane ke ruɗewa. Wasu shafuka da gangan ba sa amsa ping. Saboda haka layin farko za ka duba. Muddin lamba ta fito kusa da sunan, to an samo sunan, ko da abin da ya biyo baya «Délai d'attente de la demande dépassé» ne. Wannan wata matsala ce daban.

To idan 8.8.8.8 ɗin ma bai amsa ba fa?

Ka bar maganar DNS, ba ka kai can ba. Rubuta ipconfig ka duba adireshin kwamfutar. Idan ya fara da 169.254, ruta, wato na'urar da ke raba intanet a wurin, ba ta ba ta adireshi ba, kwamfutar ce ta laƙa wa kanta. Hakan yakan faru bayan an ɗauke wuta an maido, kwamfuta ta riga ruta tashi. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, don ta sake neman adireshi. Idan adireshin daidai ne, yi ping na lambar da ke gaban «Passerelle par défaut», wato lambar ruta. Ta amsa amma waje bai amsa ba, sai ka duba forfe, katin SIM na modem, ko wayar da ta shigo daga waje. A zafin Afrilu da Mayu, modem da aka jingine a taga yakan sanƙare; cire shi daga wuta ya huce, ka kunna shi shi kaɗai, bayan minti biyu ka kunna ruta.

Wace saba kwamfutata take tambaya, kuma yaya zan gwada ta?

Rubuta ipconfig /all ka nemi layin «Serveurs DNS» a ƙarƙashin katin da kake amfani da shi, na Wi-Fi ko na kebul. A gida da ƙananan shaguna galibi lambar ruta ce za ka gani: 192.168.8.1 a yawancin modem na Huawei, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a wasu, 192.168.88.1 a ruta irin ta MikroTik da ba a sauya ba. Ruta ce ke karɓar tambayar ta miƙa wa sabar kamfanin layi.

Abin da ake yawan tararwa shi ne lambar da ba ta da alaƙa da wurin. An ɗauko kwamfuta daga wani ofis a Yamai, ko an sayo ta hannu daga Katsina, can an rubuta mata DNS da hannu, misali 10.0.0.5. An kawo ta unguwar Zariya a Maraɗi an haɗa da Wi-Fi na gida, tana ta kiran sabar da ba ta nan.

Gwajin da ke raba gardama guda biyu ne a jere. Na farko nslookup wikipedia.org, wanda ke tambayar sabar da aka saita. Na biyu nslookup wikipedia.org 1.1.1.1, wanda ke tsallake ta ya tambayi ta Cloudflare kai tsaye. Na farko ya faɗi na biyu ya amsa, laifin sabarka ne ko ruta. Duka biyun sun faɗi alhali ping na lamba yana tafiya, to wani abu ne ya toshe ƙofa 53: katangar tsaro, antibirus, VPN da ya mutu bai saki saiti ba, ko shafin shiga Wi-Fi na tikiti da ba ka shiga ba. Idan ka ga «Serveur : UnKnown» a sama kada ya dame ka, rutar ce kawai ba ta da suna.

Kalmomin da ke fitowa, NXDOMAIN da SERVFAIL da sauransu, duk abu ɗaya ne?

A'a, kuma bambancinsu shi ne rabin gyaran. NXDOMAIN, wanda nslookup ke rubutawa «Non-existent domain», amsa ce cikakkiya: saba ta nema ta ce babu wannan suna. Fara da duba rubutunka. Harafi ɗaya ya isa, kuma .ne na Nijar da .ng na Najeriya da .net ba ɗaya ba ne. Idan rubutun daidai ne, wataƙila wa'adin rajistar sunan ya ƙare, ko sabar tana toshe shi.

«DNS request timed out» kuwa shiru ne, ba wanda ya amsa. Ko sabar ta mutu, ko hanyar zuwa gare ta a rufe take, ko layin ya cushe har tambayar ta ɓace. SERVFAIL na nufin sabar ta ji ka, ta yi ƙoƙari, ta kasa. Galibi sabobin mai shafin ne ba sa amsawa, ko sa hannun tsaro na DNSSEC ya lalace. REFUSED na nufin ta ji amma ba ta yi wa irinka aiki, kamar ka tambayi sabar wani kamfani alhali kana kan layin wani.

Kowa cewa yake in sa 8.8.8.8 a huta. In sa?

A kwamfutar gida ko ta shago, eh, in gwaji ya nuna sabarka ce ta gaza. Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan katin, «Propriétés», sannan «Protocole Internet version 4», ka zaɓi rubuta DNS da hannu. A gurbin «préféré» sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1, a «auxiliaire» sa na wani kamfanin, misali 9.9.9.9 na Quad9, don kada su faɗi tare. Kafin ka goge abin da ka tarar, ɗauki hotonsa da waya. In na'urorin suna da yawa, a ruta ya kamata a sauya, sau ɗaya.

A ofis mai sabar cikin gida kuwa, irin mai Active Directory, tsarin Windows da ke kula da kwamfutocin ofis daga saba ɗaya, wannan shawara ɓarna ce. Sunayen cikin gida, na firinta da na babban fayil ɗin da ake rabawa da na manhajar lissafi, sabar ofis kaɗai ta san su. Google bai taɓa jin labarinsu ba. Za ka ga YouTube ya buɗe, firinta ta ɓace, gobe kuma shiga kwamfutar ya yi nauyi. Sa ta waje a gurbi na biyu ma ba dabara ba ce: kwamfuta tana komawa ga ta biyu ne idan ta farko ta yi shiru, kuma duk wadda ta ce babu suna, an karɓi maganarta ke nan. Gyaran da ya dace shi ne a bar kwamfutoci su tambayi sabar ofis, ita kuma a saita ta ta miƙa tambayoyin waje.

nslookup ya kawo lamba, burauza kuma har yanzu ta ƙi. Saura me?

nslookup kai tsaye yake zuwa ga saba. Sauran manhajoji kuwa sai sun bi ta wurare biyu kafin nan. Na farko ma'ajiyar wucin gadi, inda Windows ke riƙe amsoshin baya, har da amsar «babu». Goge ta da ipconfig /flushdns. Za ka ga «Cache de résolution DNS vidé». Chrome ma yana da tasa, a chrome://net-internals/#dns.

Na biyu fayil ɗin hosts, a C:\Windows\System32\drivers\etc. Duk sunan da aka rubuta a ciki, ba a tambayar kowa a kansa. Manhajojin da aka fasa don a kauce wa biyan lasisi sukan cusa layuka a nan, ƙwayoyin cuta ma haka. Buɗe shi da Bloc-notes a matsayin administrateur. Layin da bai fara da # ba kuma ya ɗora sunan shafi a kan 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, shi ke toshe shafin.

In nan ma babu komai, duba «Utiliser un DNS sécurisé» a saitin tsaro na Chrome. Idan an zaɓa masa wata saba, burauzar tana yin tambayarta a ɓoye ta ƙofa 443, ba ruwanta da abin da ka saita a Windows. Kashe shi ka sake gwadawa. Duba kuma ko an bar wani proxy a saiti, wato sabar da ake sa burauza ta bi ta cikinta kafin ta fita intanet.

Sai agogo. Tsofaffin kwamfutocin tebur da ɗan batirinsu CR2032 ya mutu sukan koma wata tsohuwar shekara duk sa'ad da wuta ta ɗauke. Da kwanan wata ya kauce, takardun shaidar tsaro sun zama marasa inganci a idon na'urar, DNS mai ɓoyewa ya tsaya, shafukan https ma su ƙi. Gyara kwanan wata, ka tabbatar lokacin UTC+1 ne, ka sauya batirin. Umarnin netsh winsock reset na sake saita sadarwar Windows, wanda ake yi a matsayin administrateur a sake kunna kwamfuta, a bar shi ya zama na ƙarshe.

Ina da Wi-Fi na tikiti a unguwa. Wasu wayoyi ba sa nuna shafin shiga, wasu suna nunawa.

Duba wayar mai ƙorafin kafin ka taɓa MikroTik. Tun daga Android 9 akwai «DNS privé», kuma samari da yawa suna rubuta sunan wata saba a ciki don toshe talla. Wayar za ta nace sai ta kai ga waccan saba ta ƙofa 853, ƙofar kuwa a rufe take har sai an sa tikiti. A mai da shi «Automatique» ko a kashe, a kashe VPN, sannan a buɗe shafin da ke farawa da http kawai don shafin shiga ya fito.

In kowa ne ya tsaya, shiga IP sannan DNS a MikroTik. Gurbin Servers kada ya zama fanko, sai dai in rutar tana karɓar sabobi daga modem da kanta. Idan rutar ce kake raba wa na'urori a matsayin DNS, dole Allow Remote Requests ya kasance a kunne. Amma da ka kunna shi, ka rufe ƙofa 53, UDP da TCP, daga ɓangaren waje. In ba haka ba baƙi daga ko'ina za su riƙa amfani da rutarka, su cinye layin da kake biya.

A Linux fa?

Idan /etc/resolv.conf ya nuna 127.0.0.53, ba kuskure ba ne, systemd-resolved ne ke tsaye a tsakani, kamar a Ubuntu. resolvectl status zai nuna sabar gaskiya, resolvectl flush-caches ya goge ma'ajiya. Gyara resolv.conf da hannu a irin wannan tsari ba ya ɗorewa, za a sake rubuta shi. Don gwaji, dig wikipedia.org @1.1.1.1, in kana zargin DNSSEC ƙara +cd don a tsallake duba sa hannun, idan amsa ta fito da shi bayan ta ƙi ba tare da shi ba, sa hannun shafin ne ya lalace.

Shafi ɗaya ne kawai ya ƙi, sauran suna buɗewa. Ni ne ko su ne?

Kashe Wi-Fi a waya ka gwada da forfe na wani kamfanin. Ya ƙi a Airtel, ya ƙi a Moov ko Zamani, ya ƙi a 1.1.1.1 da 8.8.8.8, to ba daga wurinka ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida, domin wani kuskuren saiti ya yanke hanyar zuwa sabobin DNS na kamfanin. Ba abin da mai kwamfuta zai gyara a ranar.

Idan shafin naka ne kuma ka sauya masa masauki jiya, wasu za su ga sabo wasu tsoho. Kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, TTL, a daƙiƙoƙi: 300 minti biyar ne, 3600 awa ɗaya, 86400 kwana guda cur. Sabar da ta karɓi tsohuwar lamba ba za ta sake tambaya ba sai wa'adin ya cika, kuma flushdns na kwamfutarka ba ya taɓa ma'ajiyarta. Mai shirin ƙaura yakan rage TTL zuwa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya mai da shi yadda yake bayan komai ya zauna.