Gashin Kek a Gida, Kwalliyarsa da Gudun Motsa Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutane da yawa da suka haɗa sha'awa biyu waɗanda a ido ba su yi kama da juna ba: su ne masu gasa kek a ɗakin girkinsu da yamma, su ne kuma masu ɗaura takalmi su fita sassarfa da sassafe. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin irin waɗannan mutane suke fitowa, kuma na amsa su ne gwargwadon abin da na sani da abin da hannuna ya gwada.

Me ya sa kek yake tashi da kyau a cikin obin, amma da an fito da shi sai tsakiyarsa ta lotsa?

Sai an fara sanin abin da ke ɗaga kek tun farko kafin a gane abin da ke kayar da shi. Lokacin da ake buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ƙwayoyin sukarin suna cusa ƙananan kumfar iska a cikin botar, sannan bekin foda ya ƙara musu tasa iskar idan ya haɗu da danshi da zafi. Zafin obin yana kumbura wannan kumfa har kwaɓin ya tashi, amma tashin ba ya tabbata sai ƙwan da ke ciki ya dahu ya daskare, fulawar kuma ta shanye ruwa ta kama jikinta. Tsakiya ce ke kamawa a ƙarshe, domin zafi daga gefen gwangwani yake shigowa a hankali. Duk abin da ya katse zafin kafin tsakiyar ta kama, zai sa ta rufta.

Abin da ya fi yawan jawo haka shi ne buɗe ƙofar obin da wuri. Na san yadda ran mutum yake idan ya tsaya gaban gilashin yana kallon kek yana tasowa kamar tudu, ƙamshi ya cika ɗaki, amma bai kamata a taɓa ƙofar ba sai kashi biyu cikin uku na lokacin gashin ya wuce. Bayan haka sai yawan bekin foda, wanda ke sa kwaɓin ya tashi fiye da abin da zai iya ɗauka, sai kuma obin da ke faɗin ƙarya game da zafinsa. Yawancin kek a digiri 180 na ma'aunin Salshiyos ake gasa shi, ko 160 idan obin ɗin mai fanka ne, kuma ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki ya fi lambar da ke jikin maɓalli gaskiya. Kafin a fitar, a soka tsinke a tsakiya. Idan ya fito da ɗanyen kwaɓi, da sauran lokaci.

Shin bekin foda da bekin soda abu ɗaya ne?

A'a. Bekin soda ba ya aiki sai an haɗa shi da wani abu mai tsami, kamar yogot ko ruwan lemun tsami, kuma idan aka zuba shi a kwaɓin da babu tsami, sai kek ya fito da ɗanɗano irin na sabulu. Shi kuwa bekin foda an riga an gauraya sodar da sinadarin tsami a busasshen gari. Wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingham na Ingila, Alfred Bird, shi ne ya samar da shi a 1843, saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Idan gwangwanin ya daɗe a ajiye, a zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi: wanda bai yi kumfa nan take ba ƙarfinsa ya tafi.

Dole ne sai da sikeli? Kofi bai isa ba?

Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya kaiwa 150, ya danganta da yadda aka danna ta, kuma wannan bambancin ya isa ya busar da kek. Da sikeli kuwa, tsohuwar ƙa'idar nan tana aiki koyaushe: a auna ƙwai, sannan a sa bota da sukari da fulawa kowanne daidai nauyin ƙwan. Da an zuba fulawa a daina bugu da ƙarfi, domin yawan juyawa yana sa ta yi danƙo, kek ya yi tauri kamar burodi.

Me ya sa kwalliyar da nake shafawa take narkewa, ko ta cika da ɓurɓushin kek?

Kwalliyar kek da bota da sukari ake haɗa ta, ita kuwa bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35, wato ƙasa da zafin jikin mutum. Wannan ne dalilin da ya sa furen farko da aka matso daga jakar kwalliya yake fitowa da gefuna tsaf, amma na goma ya fito a saɓule: tafin hannun mai matsawa ne ya ɗumama ta. Maganinsa shi ne a riƙa zuba kaɗan-kaɗan a jakar, a mayar da ita firij na 'yan mintuna idan ta fara sakewa. Shafa kwalliya a kan kek mai sauran ɗumi kuwa asara ce tun daga farko, ko da a waje ya yi kamar ya huce.

Game da ɓurɓushi, masu sana'ar sau biyu suke shafawa. Shafin farko siriri ne ƙwarai, har ana hango kek ta cikinsa, aikinsa kawai ya manne ɓurɓushin. Sai a sa a firij minti 20 zuwa 30 ya kama, sannan a ɗora na biyu mai kauri a kan fuska mai tsabta. Haɗin da aka fi sani shi ne bota kashi ɗaya, garin sukari da aka tankaɗe kashi biyu. A ganina, wanda ya iya shafi mai santsi da gefe madaidaici ya fi wanda ya tara kawunan matsa fure ashirin bai iya wannan ba.

Ban taɓa gudu ba. Ta ina zan fara?

Ta hanyar haɗa gudu da tafiya. Akwai wani tsari mai suna Couch to 5K da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya tsara a 1996, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya ma take ba jama'a shawarar bi. Mako tara ne, fita sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko ana ɗumama jiki da tafiyar minti biyar, sannan a riƙa gudun daƙiƙa 60 ana bin sa da tafiyar daƙiƙa 90 har minti 20. A mako na tara kuma mutum yana iya gudun minti 30 ba tsayawa.

Hikimar wannan jinkirin ita ce zuciya da huhu suna sabawa da gudu da sauri fiye da ƙashi da jijiyoyi, don haka sabon mai gudu yakan ji numfashinsa ya isa ya ƙara nisa alhali gwiwa da ƙwauri ba su shirya ba. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya yin magana cikakkiya yana cikinsa. Wanda ke da ciwon zuciya ko hawan jini ya fara ganin likita. Mai son abokan gudu kuma ya duba parkrun, gudun kilomita 5 kyauta duk ranar Asabar, wanda ya fara da mutum 13 a Bushy Park na Landan a 2004 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Gudun kilomita nawa ne zai share yanka ɗaya na kek?

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilogiram na nauyinsa a kowace kilomita, wato mai kilogiram 70 zai ƙona kusan kalori 350 a kilomita 5. Kwalliyar da aka haɗa da bota giram 100 da sukari giram 200 tana ɗauke da kusan kalori 1,500, kuma idan aka raba kek ɗin gida goma, kowane yanka ya sami 150 daga kwalliyar kaɗai, kafin a lissafa kek ɗin kansa.

Sai dai ba na son a riƙa kallon gudu a matsayin biyan bashin abin da aka ci. Wanda ya mayar da gudu horo a kan laifin cin kek, nan da 'yan makonni zai tsani gudun, ya kuma rasa jin daɗin abin da ya ɓata awa uku yana gasawa. Amfanin gudu ga zuciya da barci da natsuwar rai yana nan ko an ci kek ko ba a ci ba, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya, wato minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ba ta rataya a kan abin da ke cikin faranti ba. Abin da ya fi amfani ga mai yawan gashi shi ne ya yanka ƙanana, ya raba wa mutane sauran tun yana sabo.

Zan iya cin kek kafin in fita gudu?

Mai yana daɗewa a ciki kafin ya narke, saboda haka kek mai kwalliyar bota yakan jawo nauyin ciki da ciwon gefe idan aka ci shi dab da fita. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci mai nauyi da gudu. Gudun rabin awa ba ya ma buƙatar wani guzuri na musamman, domin sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yana kai mutum kusan minti 90.

Yaya ake haɗa su biyun a rana ɗaya?

Kek da kansa yana ba da lokacin. Bayan an fito da shi, yana buƙatar minti goma a cikin gwangwani, sannan a juye shi a kan raga ya sha iska na awa ɗaya ko fiye kafin a taɓa shi da kwalliya, kuma a wannan tazarar ce nake fita. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa shi ne barin obin a kunne a fita, ko da zagaye ɗaya ne. Sai an kashe, an duba, sannan a ɗaura takalmi. Kafin fita nakan ciro bota daga firij in ajiye ta a gefe, domin lokacin da na dawo na yi wanka ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta ba tare da ta narke ba, kek ɗin kuma ya huce har ƙasansa.