Me ake nufi da "kansa ta dawo" ga wadda aka sa wa roba a mama?

A unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi a Ghana, da mace ta ji ƙullutu a ƙirji bayan an yi mata aiki, sai dangi su fara raɗa: "ta dawo." Ana faɗin kalmar ƙasa-ƙasa kamar sanarwar rasuwa. A bakin likita kuwa tana da ma'ana ƙayyadajjiya.

Dawowar kansa, wato ciwon daji, na nufin wasu ƙwayoyin cutar farko sun tsira daga wuƙa da allurai, sun yi likimo, sannan sun sake girma. Tana iya fitowa a fatar ƙirji ko gefen tabon aiki, ko a kaluluwar hammata da ta saman ƙashin wuya. Waɗannan ana yi musu magani da niyyar warkarwa. Idan ta ɓulla can nesa, a ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa, sai magani ya koma na danne ta da tsawaita kwana cikin sauƙi. Irin da ke rayuwa da sinadarin mace na iya kwanciya fiye da shekara 10, shi ya sa ake shan tamoksifen, ƙwayar da ke tare wa cutar wannan sinadari, shekara 5 zuwa 10. Yana yi mini ciwo in ga mace ta ajiye ƙwayar nan a shekara ta biyu don ta ji garau.

To ina robar ta shigo? Jaka ce ta silikon ko ruwan gishiri da ake sawa bayan an cire mama don a maido da siffarsa, kuma bincike bai nuna tana jawo dawowar kansar mama ba. Tana dai da nata matsaloli masu kama da dawowar. Duk baƙon abin da ya shiga jiki, jiki kan saƙa masa siririyar rigar tabo. A wasu mata rigar nan takan yi kauri ta matse robar, sai maman ya yi tauri, ya ɗage sama, ya riƙa ciwo, musamman ga wadda aka ƙona wa wurin da hasken na'ura. Wannan ba kansa ba ce. Robar kan iya fashewa ma, ta silikon sau da yawa ba tare da wata alama ba.

Akwai wata kansa daban, wadda ba kasafai ake samunta ba, ta ƙwayoyin garkuwar jiki, da kan tsiro a jikin rigar tabon, galibi da roba mai kaushin baya. Saboda ita kamfanin Allergan ya janye irin waɗannan robobi nasa a 2019. Alamarta kumburin ruwa kwatsam bayan shekaru, kuma in an gano da wuri, cire robar da rigarta kan wadatar.

Hannu a ɗaki ba ya bambance waɗannan, hajiya. Sai hoto, in ta kama a tsaga ɗan nama ko a zuƙo ruwan a auna. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a yi sakiya. A nufi Gee, wato asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ko Korle Bu ga na Accra, da takardun aikin farko da katin da ke ɗauke da suna da lambar robar.