Lissafi Ba a Aji Kaɗai Yake Ba

An daɗe ana cewa wanda bai yi boko ba bai san lissafi ba. Maganar nan tana ci mini rai, domin ba gaskiya ba ce.

Zauna kusa da mai ɗinkin hula ka sha kallo. Kafin ya soka allura sai ya ƙirga, ya raba zagayen hular gida-gida daidai wa daida, don zanen farko ya haɗu da na ƙarshe ba giɓi. In ya kuskure gida ɗaya, dole ya warware zaren ya sake. Wannan ai rabawa ce tsantsa. Dagin Arewa kuwa, juya samansa ya koma ƙasa, kamanninsa ba za su canza ba. Wannan daidaiton babi ne guda a ilimin siffofi.

Malamanmu na da ma sun yi zurfi. A 1732 Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci kan hatimin lambobi. Mafi ƙanƙantar hatimin mai gida 9 ne: a zuba 1 zuwa 9, 5 a tsakiya, yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15.