Kitson da Ya Dace da Fuska Mai Siffar Zuciya

Fuska mai siffar zuciya ita ce mai faɗin goshi da tasassun ƙasusuwan kumatu, wadda take tsukewa har ta ƙare da siririyar haɓa. A wasu mutane gashin gaba yakan sauko tsakiyar goshi ya yi ɗan tsini. Tana cikin rabe-raben fuska da masu gyaran gashi ke aiki da su, tare da doguwa, da mai zagaye, da mai siffar ƙwai. Wannan rabo na masu kwalliya ne, kuma fuskoki da yawa sun haɗa siffa biyu.

Abin da makitsiya ke nema a irin wannan fuska shi ne ta rage faɗin sama, ta cika ƙasa. Shi ya sa kitson Fulani yake karɓarta ƙwarai: jelolin da ke saukowa ta gaban kunne suna rufe gefen goshi, su tsaya daidai muƙamuƙi, inda fuskar take da ƙaranci. Kalaba ma tana yin kyau idan an sake ta ta kai haɓa ko kafaɗa. Tsagar gefe ta fi ta tsakiya, domin ta tsakiya tana jan ido kai tsaye zuwa tsinin haɓa. Shuku da doka kuwa suna tara gashi a ƙoluwar kai, su bar goshi fili. Wadda take son su, gara a bar mata jela ɗaya ko biyu a gefe. Zanen da aka ja shi baya gaba ɗaya ma haka yake.

Babban abin kula shi ne gashin gaba. Matse kitso da nauyin gashin doki suna cinye shi sannu a hankali, kuma idan aka daɗe ana yi, saiwar takan mutu, gashin ba ya dawowa. A fuskar da goshinta ke da faɗi tun asali, wannan asara ta fi bayyana. A Jos, garin da ke kan tudu mai kimanin mita 1,200, hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana busar da gashi ya riƙa karyewa, don haka mata ke shafa man kaɗanya ko man kwakwa kafin tsifa da bayan kitso. Ciwon kai ko ƙananan ƙuraje a bakin tsaga alama ce ta cewa kitson ya matse, ya kamata a sassauta shi.

Yawancin matan Hausawa a unguwannin Jos kamar Gangare da Unguwar Rogo ba sa fita da kai a buɗe, saboda haka ɗaurin ɗankwali shi ne abin da ake gani a waje. Ɗaurin da ya sauko kan goshi ya ɗan karkata gefe ya fi wanda aka tura baya dacewa da wannan fuska. Manyan 'yan kunne masu faɗi a ƙasa suna taimakawa wajen cika muƙamuƙi.

Ga maza, gemu ne ke cika siririyar haɓa, sai a rage sumar gefen kai kaɗan wajen aski.